Sai Alheri

A tashar Ƙanƙara, shekara biyu bayan babban fari, kuɗin fetur sun fara shigowa ƙauye. Harisu na jiran motar Sheme, rungume da sabuwar lasifika a kwali. Wani tsoho a gefensa ya daɗe yana kallonta.

"Samari, waƙa kake?"

"A'a, Baba. Mai unguwa aka naɗa ni. Na sayo ta don kowa ya riƙa jin maganata."

"Kai kuma da mi za ka ji tasu?"

Harisu ya ɓata rai. "Ƙofata buɗe take. Mai damuwa ya zo ya faɗi."

"Ba zai faɗi ba. Wane magidanci zai tsuguna gaban jama'a ya ce rumbunsa ya ƙare? Na san wani mai gari. Shekarar fari, kullum safiya sai ya tambaye su, 'Ina labari?' Su ce, 'Sai alheri.' Da hakimi ya aiko neman sunayen masu yunwa, ya ce garinsa lafiya lau. Motar hatsin agaji ta wuce, ko tsayawa ba ta yi ba."

"To ai su suka cuci kansu."

"Kunya ce, yaro! Shi ya kamata ya zaga da yamma, ya ga gidan da hayaƙi ba ya tashi. Yara goma sha ɗaya aka binne."

Harisu ya juyo ya dube shi. "Iyayen sun yafe masa?"

Tsohon ya sunkuyar da kai.

"Ina zan sani? Har gobe in na tambaye su labari, sai su ce mini, sai alheri."