Muryar Wilmer a Rediyo

A ɗakin jira na asibitin masu taɓin hankali a garin Piura na ji wannan, don mutane ba su san wurin yin shiru ba. Wata dattijuwa ce riƙe da kwanon soyayyen kifi, da wani direba da ya zo duba ƙaninsa.

"Wa kika zo gani, Inna?"

"Mijina, Anselmo. Tare aka kawo mu, ni aka sallama."

"Ku biyu? Ciwon har ɗauka ake yi kamar mura?"

"Haka likita ya ce. Ɗanmu Wilmer ya fita kamun kifi, teku ta riƙe shi. Anselmo ya fara jin muryarsa a rediyo da la'asar. Ina zama kusa da shi, har ni ma na fara ji. Da aka raba mu, sai ta ɗauke mini."

"Ai sai godiya, kin warke."

"Na warke. Yanzu in na kunna, labarin ƙwallo ne kawai."

"Dama babu wata murya, Inna."

"Kana wurin? Ko alƙali shaidu biyu yake nema, mu kuwa mu biyu ne."

"Yanzu saura ɗaya."

"Shi ya hana ni shiga. Zai tambaye ni ko Wilmer ya yi magana jiya. In na ce e, na ƙara masa ciwo, ba za su sake shi ba. In na ce a'a, ya rage shi kaɗai."

"Ki faɗa masa gaskiya."

"Kai ɗan nan, ba kai za ka kalli fuskarsa ba."

Nas ta leƙo ta ce mai bi ya shigo. Dattijuwar ta dubi direban.

"Shiga kai tukuna."