Babbar Tsoka ga Maƙwabci

A bencin jira na asibiti, wata dattijuwa ta dubi kular abincin da matar kusa da ita ta rungume.

"Baiwar Allah, maigida ne ba lafiya?"

"A'a, Mama. Maƙwabcinmu ne, wanda ya yi wa mijina ƙazafin sata har aka kore shi daga aiki."

"Shi kike dafa wa?"

"Yau kwana tara. Danginsa ko leƙowa ba su yi ba. A coci aka koya mana, maƙiyinka in yana jin yunwa, ka ciyar da shi. Kuma babbar tsoka nake sa masa, ya san bai karya mu ba."

"To, kin yafe masa ke nan?"

Matar ta gyara murfin kular.

"Yafiya tana tafe, Mama. Yunwa ce ba ta jira."