Shafi na Arba'in

Ruwan sama ya tara mutane a rumfar tashar motar Kitwe. Chisanga tela ya duƙufa a kan littafin koyon foka, cacar kartar nan. Wata dattijuwa da ke gefensa da buhun busasshen kifi ta leƙo.

"Ɗana, ka kai shafi na arba'in?"

"Na haddace shi ma, Iya. Kin san littafin ne?"

"Shekara goma sha biyu na yi ina raba karta a gidan caca. Nan ne aka ce in katinka ya yi kyau ka ɓata rai, ka yi ajiyar zuciya, ko?"

"Nan ne. Ilimi ba ya ƙarya, sa'a ce ta juya mini baya."

"Da me ta tafi?"

"Da keken ɗinkina. Matata ta ɗauka yana wurin gyara."

"Littafi zai koya maka dokokin wasa, ban musa ba. Amma da sabon shiga ya yi ajiyar zuciyar nan, kowa a teburin sai ya janye. In bai yi ba, su yi masa ca."

"Saura babi biyu ban karanta ba, Iya. Wataƙila maganin yana can."

"Wa ya ba ka littafin?"

"Wani mutumin kirki a teburinmu. Kyauta ma ya ba ni."

"Keken kuma yana hannun wa?"

Chisanga ya dubi kyautar da ke hannunsa. Can sai ya ɗora littafin a ka, ya shiga cikin ruwan.