Muryar da ke cikin fiyano

A tashar Batsari, Tayyib mai tara tsofaffin kayan kiɗa ya kunna fiyanon da ya sayo, irin mai ɗaukar murya. Waƙar biki ta tashi. Wata tsohuwa da ke gefensa ta riƙe masa hannu.

"Ɗan nan, muryar ɗana Badaru ce. Shekara biyu da 'yan bindiga suka ɗauke shi a dajin Runka, har sadakar arba'in mun yi."

"Haba Inna, na'ura ce. Tsohuwar ɗauka ce ta ajiye. Camfin nan ne ya hana mu ci gaba."

"To saurara da kyau. Sunan angon ƙanwarsa yake kira."

"Sai me?"

"Watan jiya angon ya fara zuwa gidanmu. Wa ya sayar maka?"