Yau Sunanka Ɗanasabe

A barandar wani asibiti a Talata Mafara, wani dattijo sai washe baki yake kusa da saurayi mai kumburarren kunci.

"Yaro, taya ni murna, yau likitan haƙori zai gan ni! Tun kafin a tare ruwan Bakolori aka rubuta sunana."

"Ni ko, Baba, an ce sai bayan kaka. Ko koko da ƙyar nike sha. Wane haƙorin ke damunka?"

"Ai ya gaji da jira, ya faɗi da kansa."

"To mi ka zo yi?"

"In bar layina ya tafi a banza? Buɗe bakin nan in gani. Subhanallahi. In an kira Ɗanasabe, tashi ka shiga."

"Lauwali nike, Baba."

"Haƙori zai cire, ba suna ba."