Fanka a Lamba Biyu

A layin ganin likitan kunne, wani dattijo ya juyo ga matar da ke kusa da shi.

"Baiwar Allah, ke ma ƙarar ce?"

"Ita ce, Baba. Kamar gyare ya tare a kunnena."

"Nawa kam ya yi sauƙi. Da fanka nake aunawa. Da farko sai na kai ta lamba biyar kafin ta danne ƙarar in samu barci. Uwar yara har da bargo biyu, tana tsine wa kunnen. Yanzu lamba biyu ta ishe ni."

"Ma sha Allah! Sabuwa ce fankar?"

"Ina! Ta tsufa tukuf. Kwanan nan ma gurnani take kamar injin niƙa, maƙwabta har sun yi ƙorafi."

"To Baba, kunnen ne ya samu sauƙi, ko fankar ce ta ƙara lalacewa?"

Dattijon ya sosa ƙeya.

"Gobe fa mai gyara zai zo."

"Sai a gani."

"Ba za a gani ba. Wallahi wanda ya taɓa min fanka, sai dai ya biya ni lafiyata!"