Na Doki Rifkatu a Kan Ciwon da Ba Ita Ta Jawo Ba

'Yan'uwa, salama a gare ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Kunya ce ta hana ni tsayawa a nan tuntuni.

Shekarar da sojoji suka miƙa wa farar hula mulki, muna zaune a Gyadi-Gyadi, 'yata Rifkatu tana da shekara tara. Sai ta fara sakin kwano, miya ta zube. Rubutunta ya koma kamar kaza ta yi tono. Ana tsakiyar addu'a ta yatsine fuska, ta zaro harshe, kafaɗa na ta zabura.

Ni kuwa kun san zuciyata. Na ce iskanci ne, na zane ta! Tana kuka tana cewa, "Mama, ba ni nake yi ba, hannun ne." Na ƙara mata. Da bulala ta kasa na ce aljanu ne, na ɓoye ta a ɗaki don kada a nuna ni.

Ranar zumuntar mata a Tarauni na durƙusa na ce, "Ubangiji, na gaji, buɗe mini ido." Muna tashi Mama Saratu, ma'aikaciyar jinya, ta ce, "Ina Rifkatu?" Na yi mata ƙarya, duk da haka ta biyo ni gida.

Ta ba yarinyar yatsunta ta matse. Hannun yana kamawa yana saki kamar mai tatsar nono. Ta ce, "Ta yi ciwon maƙogwaro kwanan baya?" Wayyo! Na faɗa mata wata uku da suka wuce ta yi, na kai ta wanzami ya cire mata beli, na ce an gama.

"Ba a gama ba," in ji Mama Saratu. "Zazzaɓin da ke biyo bayansa ne ya taɓa jijiyoyinta, kuma yana cin zuciya. Tashi mu je asibiti."

Likita ya ce ciwon ya fara taɓa zuciyar, amma mun zo da wuri. Ya rubuta allura duk wata. Da aka ɗaga rigarta, mai allurar ta ga shatin bulala ta dube ni. Rifkatu ta yi maza ta ce, "Faɗuwa na yi."

Na so ƙasa ta tsage in shige.

Bayan watanni jikin ya natsu. Na gode wa Yesu! Iyaye, ku dogara gare shi, kuma in yaro ya ce ba shi yake yi ba, ku ajiye bulala ku kai shi asibiti. Ga Rifkatu can, ita ta riƙo hannuna muka shigo.